Sandar Baba

A layin da shagonta yake, kowa Mama Tela yake kiranta. Shagon ɗan ƙarami ne, daga teburin yanka sai benci guda inda mata ke zama su jira a rage musu wuyan riga, su yi ta hira har su manta abin da ya kawo su. Gashinta ya yi fari, kuma ba ta iya zura zare a allura sai da tabarau. Amma a ƙauyen da aka haife ta, in ka ce Mama Tela ba wanda zai gane wa kake nufi. Can sunanta Sanda. Mahaifinta ne ya sa mata, kuma da dalilinsa.

Gidansu yana can ƙarshen gari, ɗakuna uku da rumbu, sai garken awaki a baya. Gonarsu a gangare take, daga gindin wani tudu har bakin rafi. Masara a sama, wake a tsakaninta, dankali a ƙasa inda danshi ke daɗewa. Ita ce auta. Tsakaninta da Yaya an haifi biyu sun koma, shi ya sa ya ba ta rata sosai, har yana ɗaukarta a wuya in za su gona.

Aikinta na farko a duniya shi ne ɗiban ƙwai, kuma sai da ta fasa da yawa kafin ta iya. Daga nan aka ba ta korar tsuntsu, ta zauna a kan tudu da tsohuwar gwangwani tana kaɗawa har barci ya sace ta. Akwai wata akuya tasu mai baƙin kunne, wadda Inna ke kira Uwar Gardama, ba igiyar da ba ta cinye ba. Ita ce ta taɓa cinye wa Sanda rabin rigar makaranta a kan shanya. In masara ta yi goyo, Baba kan karyo ɗanya, su hura wuta a bakin gona su gasa, su ci da zafinta suna hura yatsu. Har yau, in ji ta, ba ta ƙara cin abin da ya kai wannan daɗi ba.

Baba dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, sai waƙa. Shi ke ba da waƙa a majami'a: ya faɗi baiti, jama'a su amsa, don yawancinsu ba su iya karatu ba. Majami'ar tana ƙetaren rafi, rufin kwano, bencin katako, da wani tsohon ƙarfen mota a rataye jikin bishiya wanda ake bugawa in lokacin sujada ya yi. Inna kuwa gajera ce, mai zafin nama da zafin baki, amma ba wanda ya kai ta riƙe baitocin waƙa a ka. Ran Asabar da yamma ita ke share majami'a, kuma in ta ga an zubar da ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin benci, sai ta gano wanda ya zubar.

Abin ya fara a hankali. Wata rana Baba ya zo zuba ruwa a kofi, ya zuba a ƙasa, aka yi dariya. Wata rana kuma yana noma ya sassare masara ƙanana kunya guda, ya bar ciyawa tsaye. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ya ce yana gani dishi-dishi, kamar an rage masa duniya ta gefe da gefe.

Majami'a ta duƙufa da addu'a. Fasto ya zo gida ya ɗora masa hannu, dattawa suka zo, mata suka zo. Inna ta yi azumi har leɓenta ya tsage. Tana daka tana addu'a, tana wanki tana addu'a, kuma ta gaya wa kowa da bakinta cewa Ubangiji zai buɗe idon nan, su zuba ido su gani. Da abin ya ƙi, aka sayar da awaki, Yaya ya kai shi babban asibiti. Likita ya haska, ya duba, ya ce jijiyar idon ta riga ta mutu, ba abin da za a iya yi.

Sanda tana bakin hanya ranar da suka dawo. Ta ga Baba ya sauko daga mota dafe da kafaɗar Yaya, yana laluben ƙasa da ƙafa. Ta ruga ta rungume shi. Ya shafa kanta, ya tambaye ta ko an ba awakin da suka rage ruwa.

Ran Lahadi aka buga ƙarfe. Baba ya sa farar rigarsa ya fito tsakar gida. Inna tana zaune tana ɓarar wake da zanen aiki.

Ya ce, "Innar auta, an buga ƙarfe."

Ta ce, "Na ji."

"Ba ki shirya ba?"

"Ku tafi."

Ya tsaya yana jira. Can ta ajiye ƙwaryar, ta ce, "Maigida, tun kana saurayi kake yi wa Allah waƙa. Ba ka taɓa cin kayan kowa ba. Duk garin nan ya rasa wanda zai ɗauke wa ido sai kai? Ban ce babu shi ba. Yana nan, kuma ya ji ni sarai. Fushi nake yi da shi, ba kuwa zan je gidansa in zauna ina murmushi ba."

Sanda ta tsorata, don ba ta taɓa jin an yi magana haka a kan Allah ba. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ba abin da ya faru. Baba ya juyo inda take. Ya miƙa hannu, ya ce, "Zo, 'yar auta, ba ni kafaɗarki. Daga yau ke ce sandata."

Sunan ya bi ta daga ranar.

Ba da daɗewa ba Yaya ya tafi birni koyon aikin kafinta, don a samu mai aiko da ɗan abu. Gona ta koma hannun mutum uku: makaho, da mace mai fushi, da yarinya. Wani kawunsu ya ba da shawara a cire Sanda daga makaranta, Baba ya ce ido biyu ya rasa, ba zai ƙara da na 'yarsa ba. Ya kuma ƙi zama a gida. Ya sa aka kafa masa turaku a kan kowace kunya, aka ja igiya daga wannan zuwa wancan. Da sassafe Sanda ta kai shi, ta ɗora hannunsa a kan igiyar farko, ta wuce makaranta. Yana durƙushe yana bin igiyar, yana shafa kowane tsiro da yatsu kafin ya sa fartanya. Da farko a hankali yake tafiya, abin tausayi, Inna ta gama kunya huɗu yana kan ta farko. Amma kafin damina ta yi nisa, hannunsa ya san gonar fiye da yadda idonsa ya santa.

In ta taso daga makaranta, can take zarcewa. Shi ya koya mata murza ƙasa a tafin hannu ta san ko ta isa shuka, da yadda ake zaɓen iri daga tsakiyar masara a bar na kai da na gindi. In za su fara aiki yakan cire hula ya yi addu'a gajeriya, ya gode don kwana, ya roƙi albarka a kan gonarsu da gonakin maƙwabta, ya ambaci Yaya, ya ambaci Inna, ya rufe cikin sunan Yesu. Inna tana can ɗaya gefen ba ta dakatar da fartanyarta, amma Sanda ta lura ba ta sara da ƙarfi sai an ce amin.

Wata rana suna hutawa a inuwa, Sanda ta tambaye shi, "Baba, kana roƙon Allah ya buɗe maka ido?"

Ya ce, "Kullum."

"Bai ji ba ne?"

"Ya ji."

"To me ya sa bai buɗe ba?"

Ya karkaɗe ƙasa daga gwiwarsa. Ya ce, "Ban sani ba, Sanda. In na ce miki na sani, na yi ƙarya. Akwai ranar da nake tashi ba na son ko fitowa daga ɗaki. Amma ni ba ciniki muka yi da shi ba, in yi masa waƙa ya ba ni lafiya. Tun kafin in iya waƙa yake ƙaunata. Ɗansa Yesu ma ya roƙi a ɗauke masa wahala, ba a ɗauke ba, kuma ba don an ƙi shi ba ne. Ina roƙo, ina kuma noma. Miƙo mini gorar ruwan nan."

Ba ta gane duka a lokacin ba. Ta dai miƙa masa gorar.

Matan majami'a sun yi ta zuwa wurin Inna. Takan shimfiɗa musu tabarma, ta ba su ruwa, ta saurare su har su gama, sannan ta ce su gaida gida. Da Fasto ya ce zai zo da dattawa a yi mata faɗa, Baba ya roƙe shi ya bari. Ya ce, "Tsakaninta da Ubanta na sama ne. Ni ma in ta yi fushi da ni ba ta fasa dafa mini abinci. Ku ba ta lokaci."

Amma shi ma yana da tasa dabarar. Duk Lahadi in sun dawo, sai ya sa a ajiye masa kujera dab da ƙofar ɗakin girki, ya ce, "Sanda, zo in gaya miki abin da Fasto ya ce yau."

"Baba, ai ina wurin."

"Kina wurin kina kallon ƙadangare a taga. Zauna."

Sai ya maimaita wa'azin kaf, da murya kamar mai magana da wanda ke ƙetaren rafi. In ya gama ya ɗauko waƙa, kuma da gangan yake juya baiti, ya sa na uku a gurbin na biyu, ko ya canza kalma. Inna takan daure, ta daure, sai can a ji ta daga cikin hayaƙi: "Ba haka ba ne. Ido ka rasa ko ƙwaƙwalwa?" Ta faɗi baitin daidai. Shi kuwa ya ce, "Af, haka ne fa," yana taɓa Sanda da gwiwar hannu.

Haka damina ta wuce, wata ta zo, wata ma ta zo. Zanen Lahadin Inna yana ƙasan akwati.

Sai wata Asabar, Sanda tana gudu a gona ba takalmi, ta taka bakin fartanya. Ƙafar ta yanke sosai, aka kai ta wurin malamin asibiti ya ɗinke, ya ce kada ta taka. Washegari aka buga ƙarfe. An kwana ana ruwa, daga tsakar gida ma ana jin ƙugin rafin, kuma gadar da ake bi ba komai ba ce sai gungumen itace da aka gitta. Sanda tana zaune a bakin ƙofa da ƙafa a naɗe, ta ga Baba ya fito da farar riga, ya lalubo wata sandar gora a jikin bango.

Inna ta ce, "Ina za ka?"

"Sujada."

"Da wa?"

"Na san hanya."

"Rafin ya cika. Za ka faɗa."

Ya ce, "In ban je ba, ba mai ba su waƙa." Ya fita yana bubbuga ƙasa.

Inna ta ci gaba da wanke tukunya. Ta wanke ta, ta sake wanke ta. Sanda tana hango farar rigar tana ƙara nisa, tana karkata daga hanya tana dawowa. Da ya kusa gangaren, Inna ta yi tsaki ta jefar da soson. Ko hannu ba ta goge ba, ta bi shi da sauri tana faɗa: mutum da taurin kai ya fi Uwar Gardama, so yake ya mai da ita gwauruwa, wa ma ya ce ta aure shi. Ta cim masa, ta fizge sandar, ta ɗora hannunsa a kafaɗarta. Sanda ta ga sun hau gungumen a hankali, gajeriya a gaba, dogo a baya, har suka ƙetare.

Inna ba ta shiga majami'a ba. Ta kai shi bakin ƙofa, ta koma gindin bishiyar da ƙarfen ke rataye ta zauna, da zanen aikinta, har aka tashi.

Da ƙafar Sanda ta warke, ta zo ran Lahadi za ta kama hannun Baba, Inna ta ce ta bari, ita ba ta iya kai shi a hankali ba, gudu take yi da shi. Daga nan Inna ke kai shi duk mako, ta zauna a waje. Sanda ta koma zama kusa da taga, inda take hango ta tana tsinke ganye tana kallon wani wuri, kamar wadda ta zo jiran mota.

Wata Lahadi bayan girbi, Baba ya tashi ya ɗauko wata tsohuwar waƙa da aka daɗe ba a yi ba. Ya ba da baiti na farko, jama'a suka amsa. Ya ba da na biyu. Na ukun yana magana ne a kan ranar da za a ga fuskar Ubangiji ido da ido. Ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, ta karye. Sanda ta ga hawaye yana bin kumatunsa, abin da ba ta taɓa gani ba ko a ranar da suka dawo daga asibiti. Ba wanda ya san baitin. Majami'a ta yi tsit, sai motsin yara.

Daga waje aka ji murya ta ɗauka. Tana rawa da farko, sannan ta miƙe. Inna ce, ta taso daga gindin bishiya tana tahowa tana rerawa, har ta tsaya a bakin ƙofa. Jama'a suka amsa mata. Ta ba da na huɗu, ta ba da na ƙarshe, Baba yana tsaye dafe da benci. Ba wanda ya juya ya ƙura mata ido, Fasto ma sai ya sunkuyar da kai.

Mako na gaba ta ciro zanenta daga akwati, duk ya yi layin ninki, ta shiga ta zauna a bencin ƙarshe. A hanyar komawa Baba ya ce, "Innar Sanda, kun shirya da Ubangiji ke nan?"

Ta ce, "Wa ya gaya maka? Tururuwa ce ta dame ni a gindin bishiyar nan." Suka ɗan yi tafiya, sannan ta ƙara da cewa, "Ba mu gama magana da shi ba. Amma gara in yi masa ita a cikin gida. Ɗaga ƙafa, ga dutse."

Idon Baba bai buɗe ba har ya bar duniya. Ya ga auren Sanda da kunnuwansa, kamar yadda yake faɗa, ya kuma riƙe ɗanta na fari ya shafa fuskarsa ya ce hancin nasu ne. Ya rasu da rani, bayan 'yar gajeriyar jinya, Inna tana riƙe da hannunsa. Ita ce ta ba da waƙa a wurin jana'izarsa, kuma ta ci gaba da bayarwa a majami'a har ƙarfinta ya ƙare.

Sanda ta koyi ɗinki a birni bayan aure. Mijinta direba ne, mutum mai barkwanci, kuma yaransu ba su gama makaranta ba aka zo mata da labarin ya rasu a hatsari. Ta daɗe ba ta iya addu'a ba. In ta durƙusa ba abin da ke zuwa bakinta sai tambaya, wani lokaci ma da faɗa. Amma ba ta ji tsoron za a kore ta ba, don ta ga wadda ta yi fushi mai tsawo aka jira ta. Ta riƙa zuwa tana zama a baya, ba ta waƙa, ba ta cewa komai, har ranar da ta ji bakinta yana bin jama'a ba ta ma sani ba. Da ɗinkin ta riƙe yaran, duk suka kama abin yi. Shi ya sa in wata daga cikin matan da ke zama a bencinta ta ce ta gaji da Allah, Mama Tela ba ta yi mata wa'azi. Takan matsa mata wuri, ta ba ta bakin zane ta riƙe mata, ta bar ta ta faɗi duk abin da ke ranta.

Yaya ya daɗe da barin aikin kafinta ya koma gona, shi da 'ya'yansa. Duk kaka Sanda takan rufe shago ta je ta yi mako guda. Garin ya canza, an ja wutar lantarki, yaran Yaya da injin suke huɗa, kuma mutanen da ta sani sun ragu ƙwarai. Amma tana sauka daga mota ake fara kiran sunan nan nata daga ko'ina, har da yaran da ba su san dalilinsa ba. Takan cire takalmi ta shiga cikin wake da matar Yaya, su yi ta tsinka suna hirar waɗanda suka tafi, har bayansu ya gaji.

Bara Yaya ya gina mata ɗaki a gefen nasa, da taga mai kallon gangaren. Ya ce ta isa hutu, ta dawo gida. Ta ce to, bari ta gama kayan bikin da ta karɓa. Da ta gama waɗannan wasu suka zo, kuma ita ba ta iya cewa a'a ba. Matan layin suna tsokanarta cewa ba inda za ta, ita ma dariya take yi. Sai dai watan jiya ta samu mai mota ta aika da gadonta da tukwanenta ƙauye, yanzu a kan katifa take kwana a ƙasa, kuma ta gaya wa matar Yaya ta ajiye mata 'yan kaji na kiwo.